Dawar Garinmu a Kwalbar Landan

Duk wanda ya saba karanta littattafan da 'yan'uwanmu marubuta ke fitarwa ya san inda giya take shigowa cikin labari. Da zarar an ce wane ya shigo gida yana tangaɗi, ko kuwa an ga kwalba a ƙarƙashin kujerar motarsa, to mai karatu ya riga ya gane cewa wannan shi ne mugu, kuma ba zai gama da duniya lafiya ba. Ba mu ce marubuta sun yi ƙarya ba, domin kuwa giya ta rusa gidaje masu yawa, wasu ma a kan idonmu. Abin da muke cewa shi ne, a littattafan nan giya ba ta da suna, ba ta da launi, ba a san wanda ya noma hatsinta ba, balle wadda ta tsaya gaban murhu ta dafa ta. Kwalba ce kawai, sai ka ce daga sama ta faɗo.

Mun sani sarai cewa mafi yawan masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, addini ya haramta musu ita, kuma ba mu zo domin mu kwaɗaita wa kowa ba. Wanda bai taɓa sha ba bai yi asarar komai ba. Mu dai 'ya'yan Maguzawa ne na kudancin Katsina, waɗanda iyayensu suka shiga Katolika tun kafin a haife su, kuma a gidajenmu giya ba baƙuwa ba ce. Tun da Edita ya sha roƙon membobi su rubuta abin da suka sani, ba abin da suka ji ana faɗa ba, to ga abin da muka sani.

Giyar da muka fara sani ita ce ta tukunya, wadda a gari ake ce wa burkutu. Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, sana'arta ke nan, kuma da ribar tukunyarta aka ɗinka mana rigar makaranta ta farko. Aikin ba na malalaciya ba ne. Za ta jiƙa dawa ta kwana, ta tsame, ta baza a inuwa ta rufe da ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma har dawar ta yi tsiro. Sai ta shanya tsiron a rana, a kai niƙa, ta dama da ruwa a randa. Daga nan ne take yin wani abu da muka daɗe muna kallo ba tare da mun san hikimarsa ba. Takan bari garin ya kwanta, ta tsiyaye ruwan da ya taso sama ta ajiye shi gefe guda, ta dafa mai kaurin shi kaɗai har ya nuna, sannan idan ya ɗan huce ta mayar masa da ruwan nan da ta ajiye. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa. Bayan an bar shi ya yi tsami, a tace, a sake dafawa, ya huce, sai a zuba masa guntun tsohuwar giya, ya kwana yana tafasa ba wuta. Ranar gayya randa biyu ake kafawa a gindin ɗorawa, ƙwarya tana zagayawa, kuma ba a ba yaro sai ɗan kurɓi daga ta safe, wadda zaƙinta bai gama juyewa ba. Giyar tukunya ba ta da ƙarfi tsayayye. Ta safe daban, ta la'asar daban, wadda ta kwana biyu kuwa sai a zuba wa aladu.

Ta kwalba sai da muka shiga kwalejin horon malamai muka san ta, muka kuma san ta sosai bayan an tura mu koyar da lissafi da kimiyya a Kaduna, hayin kogi. Wanda ya zauna kusa da Kakuri ya san ƙanshin nan mai kama da na kunun zaƙi da iska ke kwasowa ranar da kamfani yake dahuwa. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshen Kaduna a 1963, Gulder kuma ta biyo baya a 1970. Idan aka tambaye mu wadda muka fi so a cikinsu, Gulder ce, saboda ɗan ɗacinta da ke tsayawa a maƙogwaro. Star ta yi mana sanyin hali, ta fi dacewa da ranar zafi da balangu. Amma ƙarshen wata, idan albashi ya shigo a kan lokaci, wanda ba kullum ba ne, to baƙar nan ta Guinness muke nema. Zamaninmu ne zamanin Michael Power, jarumin nan na tallar Guinness da ya cika talabijin da alluna daga 1999, har wasu abokanmu suka rantse cewa mutum ne na gaske, ɗan jarida.

A teburin malamai na wancan lokaci akwai wata magana da ba a musu a kanta: ta waje ta fi ta gida. Ana cewa abin da ake sayar mana a nan saura ne, ta ainihi tana can Turai, ta fi ƙarfi, ta fi tsabta. Manya masu ƙoƙarin nuna isa sukan ajiye koriyar kwalbar Heineken a gabansu, alhali ita ma a nan gida ake dafa ta. Da wannan magana a kunnenmu muka sauka Landan a watan Nuwamba na 2018, mu biyu, a wani shirin musayar malamai na mako uku da wata makarantar sakandare a kudancin birnin. Abokin tafiyarmu malamin Turanci ne, Musulmi, mutumin Zariya, wanda bai taɓa kai ta bakinsa ba, amma kuma bai taɓa barin mu fita mu kaɗai ba, wai kada mu ɓace a jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ranar Juma'ar farko mai masaukinmu, wanda shi ma malamin kimiyya ne, ya kai mu mashayar unguwa, inda malaman makarantar ke haɗuwa bayan an tashi. Aka kawo mana ƙaton kofi na giyar Ingilawa, mai launin shayi ba madara. Ba sanyi irin na firji, domin a ɗakin ƙasa suke ajiye ganga, ba kuma iskar nan mai tsikarar hanci. Ƙarfinta bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Kurɓin farko muka ce a ranmu, ashe wannan ce ake ta yi mana kuri da ita? Sai a kofi na biyu muka fara jin ɗanɗanon gasasshen hatsi da ɗacin furen nan da suke sakawa, wanda suke kira hops. Ba giyar maye ba ce, giyar hira ce, an yi ta ne domin mutum ya zauna awa uku yana gardamar ƙwallo ya kuma tashi da ƙafafunsa. Al'adarsu kuwa kowa sai ya sayi zagaye guda na teburin gaba ɗaya. Kofi ɗaya kusan fam biyar, wato fiye da Naira dubu biyu a canjin lokacin, kuɗin Star bakwai ko takwas a Kakuri. Da zagayenmu ya zo, Malam na Zariya da ke riƙe da lemonsa ya sunkuyo ya ce, "Malam, yau dai ka ga ranar tsoron Allah. Ni fam ɗaya da rabi na kashe."

Da muka yi wa mai masaukinmu ƙorafin cewa giyarsu ba ta da nauyi, sai ya yi dariya ya ce idan nauyi muke nema sai dai wadda ake shigo da ita daga waje. Wannan kalma ta ba mu mamaki, domin ba mu taɓa kawo wa ranmu cewa Bature ma yana da tasa "ta waje" da yake ɗaga wa hula ba. Mako na biyu ya kai mu wani ƙaramin wuri da ba a sayar da komai sai giyar Beljiyam.

A nan ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Kwalabe ƙanana, santilita 33, kowace da irin kofinta, kuma mai wurin ba zai zuba maka wata a kofin wata ba ko da za ka yi fushi. Ta farko sunanta Duvel, wato Shaiɗan a karin harshensu, kuma wanda ya raɗa mata suna bai yi ƙarya ba. Launinta garau kamar Star, kumfa fari tas kamar auduga, a baki ba ta nuna komai sai ɗan ƙanshin 'ya'yan itace, amma ƙarfinta kashi 8.5 ne. Sauran kuwa na ruhubanawa ne, wato sufayen Katolika masu zaman zuhudu na ɗariƙar Trappist, waɗanda ƙa'idarsu ita ce a dafa giyar a cikin harabar gidan ibada, a ƙarƙashin kulawarsu, ribar kuma ta tafi ga hidimar gidan da taimakon mabukata. Gidan da ke yin Chimay tun 1862 yake wannan aiki. Mai shuɗiyar takarda kashi 9 ce, Westmalle mai launin zinariya kashi 9.5, Rochefort 10 kuwa kashi 11.3, wato ta kusa kamo ruwan inabi. Ita wannan ta ƙarshe baƙa-baƙa ce, mai kauri, ɗanɗanonta kamar an jiƙa dabino da zabibi an bar su sun kwana, ga wani ɗumi da ke sauka a ƙirji a hankali. Mu da muka taso muna taimakon Fada a wurin sujada, mun daɗe muna juya kwalbar muna karanta sunan gidan ibadar. A 2016 ma hukumar UNESCO ta sa al'adar giyar Beljiyam cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Giyar Goggo dai ba mu ji an sa ta a jerin kowa ba, sai na masu kame.

Kwalba ɗaya muka yi awa guda muna kurɓa, kamar yadda muka ga masu wurin suna yi. Wani malami da ya zo shirin daga wata ƙasar Afirka ta Gabas, ƙato ne majiyi ƙarfi, ya dubi 'yar kwalbar ya raina ta, ya shanye uku a jere kamar mai kashe ƙishirwa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Malam na Zariya ne ya riƙe masa jaka har tashar mota, bai ce uffan ba, amma mun san ya ajiye labarin domin ɗakin malamai.

Ranar Asabar ta ƙarshe muka je Peckham neman tsaraba da kuma abinci mai yaji, domin cikinmu ya gaji da dankali. Titin Rye Lane kamar an ɗauko wani yanki na Legas an dasa: doya, manja, busasshen kifi, Yarbanci ta ko'ina. A wani shago, can saman kanta, sai ga ƙatuwar baƙar kwalba da muka sani kamar yunwar cikinmu. Muka ɗauko muka duba: an dafa ta a Nijeriya, ƙarfinta kashi 7.5, an shigo da ita Ingila. Mai shagon, wata dattijuwar Bayarabiya, ta ce ba 'yan gida kaɗai ke saye ba, mutanen Jamaika da Turawan unguwa ma suna zuwa takanas su ce a ba su "ta Nijeriya". Da muka nuna wa mai masaukinmu, sai ya ce ai ya san ta, ita ce mai ƙarfin nan ta waje da yake saye idan yana son abin da ya fi nasu. Guinness da ake zubawa daga famfo a mashayarsu kashi 4.2 ce kacal. Ashe shekara da shekaru muna zaune a Kakuri muna sha'awar ta Turai, alhali wadda ke gabanmu ta kusa ninka tasu.

Dalilin wannan ƙarfi tsoho ne. Arthur Guinness ya kama hayar wurin dahuwarsa a Dublin a 1759. Giyar da za ta yi watanni a jirgin ruwa zuwa ƙasashen zafi dole a ƙara mata ƙarfi da ɗaci domin kada ta lalace a hanya, kuma irin wannan ce aka fara saukewa a Saliyo a 1827. Bakin mutanen Afirka ta Yamma ya saba da ita a haka, saboda haka da aka gina kamfanin Ikeja a 1962, wanda shi ne na farko a wajen Ayalan da Birtaniya, ba a rage mata komai ba.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne dawa. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wanda da shi ake dafa duk giyar kwalba, domin a tsimi kuɗin waje. Kamfanoni ba su da zaɓi sai su koma ga dawa da masara. Muna yara a lokacin, amma muna tune da manyan motocin da suka fara shigowa kasuwannin ƙauye da kaka suna lodin kaura da farafara, dattawa suna tambayar juna wane gari ne wannan da ba ya ƙoshi da tuwo. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana da wani iri mai gajeren kara, SK 5912, wanda ya shiga wannan ciniki. Sai dai dawa ta ba injiniyoyi wahala. A cikin tsiro akwai wani sinadari da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari, sukarin nan ne kuma yisti ke ci ya zama giya. Sitacin sha'ir yana nuna a zafi kaɗan, wanda sinadarin zai iya jurewa. Sitacin dawa kuwa ba ya nuna sai an ba shi wuta sosai, kuma wannan wutar tana kashe sinadarin. Ka dafa, ka kashe mai aikin. Ka ƙi dafawa, mai aikin bai sami abin yi ba. Masana irin su Farfesa Geoff Palmer na Jami'ar Heriot-Watt da ke Edinburgh, haifaffen Jamaika, tare da ɗalibansa 'yan Nijeriya, sun yi shekaru suna bincike a kan haka. Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka rubuta a mujallun kimiyya ita ce a tsiyaye ruwan saman da ke ɗauke da sinadarin a ajiye shi, a dafa mai kaurin shi kaɗai, sannan a mayar. To, ai abin da Goggo ke yi ke nan da ƙwarya da ludayi, ita da ba ta taɓa riƙe alli ba. Yanzu duk shekara idan muka zo darasin sinadaran narkar da abinci, da wannan misali muke farawa, kuma ɗaliban da suka fito daga ƙauye su ne ke riga kowa ganewa. Har yau dawa tana cikin wannan baƙar kwalba, ana haɗa ta da wani ruwa mai kauri na gasasshen sha'ir da ake kawowa daga Dublin. A 2024 kamfanin Diageo ya sayar da kasonsa na kashi 58 na Guinness Nigeria ga kamfanin Tolaram, masu Indomie, amma manomin dawa bai ji wani canji a aljihunsa ba.

Akwai wani lissafi da muka yi a cikin jirgi muna dawowa, kuma a ganinmu shi ne ya kamata marubucin da ke son ya nuna illar giya ya sani, maimakon tangaɗi da amai da ake ta maimaitawa. Ƙarfin da aka rubuta a takarda rabin magana ne, sauran rabin girman kwalba ne. Duvel ɗin nan mai ban tsoro, santilita 33 a kashi 8.5, sinadarin mayen da ke cikinta mililita 28 ne. Babbar Star, santilita 60 a kashi 5.1, tana da kusan 31. Rochefort 10 tana da 37. Babbar Guinness tamu kuwa 45. Wato abin da Bature ke zuba wa kofi na musamman yana lallaɓawa awa guda, mu a kwalba ɗaya muke wuce shi kafin nama ya iso. Likitocin gwamnatin Birtaniya tun 2016 suna ba da shawarar kada babban mutum ya wuce mililita 140 a mako. Babbar Guinness uku ta kai 135. Mun san malamai da ke shan uku a zama ɗaya ranar albashi, su koma washegari. Biyu daga cikin waɗanda muka fara aiki tare da su ba su kai shekara arba'in da biyar ba, hanta ce ta tafi da su, kuma ba ɗayansu da ya taɓa yin tangaɗi a titi ko ya daki matarsa. Mutanen kirki ne, masu zuwa aji a kan lokaci, shi ya sa ba wanda zai gane su a cikin littattafanmu.

Da Kirsimetin wannan shekara muka je gida gaisuwa. Goggo ta daɗe da daina dahuwa, tun bayan da aka kafa dokar Shari'a a jihar a 2000 sana'ar ta koma ta ɓoye, ga shi kuma ƙafa ta hana ta tsayuwa gaban murhu. Muka zauna a tabarmarta muka ba ta labarin ruhubanawa masu dafa giya, ta ce ita wannan ba ta yarda ba sai ta tambayi Fada. Muka ba ta labarin Farfesa da tsiyayar ruwa, ta ce, "To, da me suke yi?" Sannan muka gaya mata cewa mun ga dawar ƙasarmu a kanti a Landan, cikin kwalba. Ta tambayi kuɗinta, muka ce fam uku, muka juya mata shi zuwa Naira. Ta ƙirga a yatsu ta ce kuɗin tiya huɗu ke nan, ta kuma ce da tiya huɗu ita sai ta shayar da rabin gayya. Ta yi shiru tana kallon kajinta, can ta ce, "Ɗan nan, rigar sanyin da na ce ka sayo mini fa?" Muka buɗe jaka muka miƙa mata, ta juya ta ciki da waje tana neman inda aka rubuta ƙasar da aka saƙa ta, muka karanta mata: Bangaladash.